Takalmin da Ya Mutu a Adaka

Ka taɓa ganin kaka ta biyo jikanta har bakin iyaka don kawai ta zage shi? Ni na gani, a Magama, gaban shimfiɗata. Takalman gwanjo nake sayarwa, kuma idona ba ya barin ƙafar mutum. Kafin ka yi mini sallama na riga na ƙirga ɗinkin da ya rage a takalminka.

Ran nan Lawwali na tsaye jikin motar Maraɗi da silifa a ƙafa. Jado zai wuce, can cikin hamada, haƙar zinari, don tun da 'yan bindiga suka kashe ubansa a gonarsu ta Riko, ba wanda ya ƙara sa fartanya a wurin. Sai ga kakarsa Safara'u ta sauko daga babur da ƙunshi a hannu.

"Ina gajiya, mijin banza? Ko gudun bai bari ka amsa gaisuwa?"

"Lahiya lau, amaryar bara waccan. Wa ya ɗora ki bisa babur? Da iska ta yi gaba da ke, da na huta da cefane."

"Cefane? Yaushe rabon da in ga gishirinka? Ka sulale mini daga gida kamar ɓarawon akuya."

"Jiya na yi miki sallama, kika juya mini ƙeya."

"Ƙeyata ta hi fuskarka kyan gani. Da wanga silifa za ka hau duwatsun Jado? Ko bayan gida ba a shiga da shi."

"Ba ƙafa ke haƙa ba, tsohuwa. Bari in dawo, in sa miki haƙoran zinari. Ai bakin naki fili ne, ba sai an yi cira ba."

"Ka fara sa wa kanka hankali. Ungo."

Ta kwance ƙunshin, ƙamshin kafur ya tashi. Ni da nake sana'ar sai da na miƙe tsaye. Takalmin hawan dutse ne na Turawa, fata mai kauri har idon sawu, jar igiya, ƙasansa da haƙora zaƙo-zaƙo. Na duƙa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya taɓa taka ƙasa.

"Ubanka ya zo da shi daga Aljeriya kana goye," in ji ta. "Ya ce in ɓoye sai ranar babbar tahiya. Na naɗe shi a zane, na sa ƙasan adaka. Ranar da babbar tahiyar ta zo mishi, da silifa ya hita."

Lawwali ya zauna bisa bencina ya ɗaure igiyar, sannan ya miƙe yana buga ƙafa.

"Kin ga ango? Yanzu 'yan matan Maraɗi za su san kin yi sake."

"Na ga ƙadangare da takalmin doki. Taka mu gani."

Ya taka. Ya nufi shingen jami'ai yana wani fankama. Bai kai ga mai shayi ba ƙafar dama ta fara zubar da baƙin gari kamar an marmashe ƙuli-ƙuli. Ta hagu ta buɗe baki. Da ya juyo, ƙasan takalmin duka biyu suna kwance a kwalta, shi kuma yana tsaye cikin fata zalla. 'Yan dako suka sa ihu.

Ni ban yi mamaki ba. Irin wannan, tsakanin fata da robar ƙasa akwai wani soso. In ana takawa, robar ce ke suɗewa, kuma kwalta na cinta da sauri don an yi ta da laushi saboda kama dutse. In kuwa aka ajiye, zafi da laima su cinye soson daga ciki. Duk dilar da na fasa sai na ware irinsu gefe. Nan take na jawo takalma ƙafa uku daga shimfiɗata, daidai shi, na jera.

Safara'u ko kallonsu ba ta yi ba. Tafi take yi.

"Alhamdu lillahi! Takalmi ya hi ka hankali. Ya ga iyaka ya ce shi ba da shi ba. Ɗauko jakarka mu koma."

"Ke kika yi mishi asiri."

"Da ina da asiri, kai zan yi wa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutse da takalmin Nasara ba ya ganinsa. Ɗan Delu ya tahi Jado, rami ya rufta da shi. Mi aka kawo wa uwarsa? Wayarsa."

"Ubana bai je Jado ba. Mi aka kawo miki?"

Tafin ya tsaya. Yaron mota ya leƙo yana kiran saura mutum ɗaya.

Lawwali ya duƙa ya ɗebo garin a tafin hannu, ya miƙa mata.

"Duba, matata. Ba tahiya ta kashe shi ba, ajiyarki ce. Ni ma so kike ki naɗe ni a zane ki zuba kafur. Gona ta gagara, dako ya mutu, kullum ina gindin bango ina cin tuwon da kika sayar da ƙuli kika yi. Wata rana ki buɗe adaka ki tarar da ni haka."

"Rufa mini baki, mai kan gwanda."

"Zomo ba ya kamuwa daga zaune."

"Zomon da ya hita shi ake sa wa a miya."

"To ko ba takalmi zan tahi."

Ta daɗe tana kallon garin. Sai ta yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta, ta kaɗe masa hannu.

"Ka ci ni, ɗan nema. Bakin nan na kakanka ne, shi ma da shi ya rabo ni da gidanmu. Cire, ba ni nan."

Na tura nawa gaba, na ce, "Iya, ga masu lahiya."

"Kai kuma rufe shagonka. Fatar ubansa zai sa."

Ta kwashi takalmin ta kai wa Mahmudu shumeka da ke gefena, ta ce ya yanka taya ya ɗinka a ƙasa. Yaron mota ta saye shi da goro ya jira. Mahmudu ya jawo ɓallin tayar tirela, mai kauri kamar bango.

"Wannan sai ya shekara biyar a dutse, Iya."

"Mayar. Ba ka da ta babur? Wadda ta suɗe?"

"Haba, tsohuwa!" in ji Lawwali. "Wannan ai kafin damina ta huje."

"Na sani. Ranar da ka ji dutse ya taɓa tafin ƙafarka, ka juyo gida, da zinari ko babu. In ka sayi wani takalmi a can, ban yafe ba."

Mahmudu ya ɗinka. Motar ta ƙetare shinge, ita kuma ta tsaya nan har ƙura ta lafa, sannan ta tsince ƙasan takalmin biyu daga kwalta ta ƙulle a zanenta.

Cinikina dai ya tashi. Kai kuma, in akwai wani takalmi mai tsada da kake tattali a ƙasan akwati, ciro shi yau ka danna gefen dugadugin da babban yatsa. In ya lotsa bai dawo ba, kada ka zargi kowa.