Tarkon Injiniya Sabi'u da tsohuwar kwamfutar Alhaji Tanimu

Wani abokina da ke aiki a wata maɗaba'a a Sabon Garin Zariya ne ya ba ni wannan labari, ya kuma rantse bai ƙara masa gishiri ba. Mai gidansu, Alhaji Tanimu, yana da wata tsohuwar kwamfuta, ƙatuwa kamar akwatin lefe, wadda ita kaɗai ce ke iya sarrafa injin da ke fitar masu da farantan bugu. Ta haura shekara ashirin tana aiki. Sababbin kwamfutocin nan duk an gwada, injin ya ƙi kula su. A duk tsawon shekarun nan magani ɗaya Alhaji ya sani in ta yi gardama: ya kwaɗa mata mari a gefe, ya zare wayar wuta, ya mayar. Shi kuwa yana ji da wannan ilimi nasa ba kaɗan ba.

To, sai ga aikin takardun jarrabawar wata makaranta, za a zo karɓa ran Juma'a da safe, in ba a gama ba kuma yara su zauna ba takarda, makarantar ta koma wa maɗaba'ar da ke tsallaken titi. Tsohuwa kuwa ta tsiro da sabon salo. Sai aiki ya yi nisa ta sume, faranti ya lalace. Mari ya ƙi ci. Dole aka ɗauko Injiniya Sabi'u daga Kano, wani dattijo mai gajeren gemu da gajeren haƙuri.

Injiniya ya duba ya ce ciwon ba a fata yake ba, yana can cikin cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, don haka sai an ɗana tarko. Tarkon wata manhaja ce da su masu sana'ar ke kira dibaga. A wata kwamfuta daban ake sa ta, a haɗa su da waya, duk lokacin da marar lafiyar ta yi tuntuɓe sai ta riƙe ta cak a wurin, a karanta abin da ya kayar da ita.

Faɗar ce da sauƙi. Wuni guda ya yi yana yawon kasuwa kafin ya samu waya mai baki tara irin ta da. Ya haɗa, sai wasu haruffa marasa kan gado suka cika masa allo, ashe gudun saƙon gefen nan bai yi daidai da na gefen can ba. Ya daidaita. Sai dibaga ta ce ba ta san irin wannan ƙwaƙwalwa ba, sai da ya kwance murfi ya karanto lambarta da tocila, ya kuma tono ainihin zubin manhajar daga wani faifai da ya samu a ƙarƙashin tulin kalandun bara. Ran Laraba da hantsi tarko ya ɗanu. Injiniya ya tara kowa da kowa, har da Alhaji, ya ce, "In kun ga ta tsaya cak, to ta faɗa ne. Don girman Allah kada wanda ya taɓa ta. Ni za a kira."

Aka zauna jira. Tsohuwa kamar ta ji abin da ake shiryawa, ta yi ta aiki lafiya lau, ko tari babu. Laraba ta wuce. Ran Alhamis Injiniya ko abinci a gaban allo ya ci. Da aka kira la'asar ya tashi ya tafi masallacin bakin layi, bai fi minti goma sha biyar ba.

Yana dawowa ya tarar da kwamfuta tana tasowa daga farko, tana ƙugi, allon dibaga fayau ba komai, duk abin da tarko ya kama ya goge. Alhaji na tsaye a kanta yana kakkaɓe hannu, fuskar nan cike da fara'a.

"Injiniya, kana fita ta daskare! Allah ya sa ina kusa. Ka ga har na tayar maka da ita."

Abokina ya ce sai da Injiniya ya nemi kujera ya zauna. "Alhaji, ba na ce kada wanda ya taɓa ta ba?"

"Af, ai na ɗauka da ma'aikata kake. Ni da kayana?" Ya dubi agogo, fara'ar ta ragu. "Kai ni fa ban gane ba. Gobe Juma'a. Kwana huɗu kana nan kana jona wayoyi, mu ba mu ga komai ba. Tsakaninka da Allah, ka gano matsalar nan kuwa?"

Injiniya ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Na gano ta, Alhaji. Ga ta nan tsaye cikin babbar riga, tana tambayata ko na gano ta."