Bangon Bayan Gidan Kansila

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa ƙasar Kafanchan kyauta da su, a fara da Onarabul Kansila Silvanus Kumai, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a ambaci wani. Shi ne kansilanmu na Ungwan Kanya, shi ne dattijon ikilisiya mai kujerar gaba, shi ne kuma mutum na farko a yankinmu da ya sa baƙar kwat da tsakar rana a watan Maris bai suma ba. Da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Katangar Talakawa. Mu kuwa ƙauyawa, da yake dogon suna yana ba mu wuya, sai muke ce masa Baba Katanga.

Tsoron Allah kam, a nan ya fi ƙarfi. Ranar da aka ba shi addu'ar rufe sujada, matar da ta bar tukunya a wuta sai dai ta yafe ta. Yakan fara da Turanci, domin sama ta san da wa take magana, sannan ya sauko Hausa saboda mu. Kuɗin baikonsa ba ya shiga farantin majami'a sai ya ɗaga shi sama ya duba ko mai kyau ne, daidai inda mawaƙa za su gani. Kafin siyasa awon citta yake yi a kasuwa, kuma manoma sun shaide shi: sikelinsa bai taɓa cutar mai shi ba ko sau ɗaya.

Da soja suka ce a zaɓi kansiloli a ƙarshen 1976, abu ɗaya garinmu yake nema, wato ɗakin haihuwa. Daga Ungwan Kanya zuwa asibiti a Kafanchan mil goma sha biyu ne, mota kuwa sai ranar kasuwa. A daminar shekarar ne naƙuda ta gardama wa Angelina, 'yar Mama Bernice ungozoma. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki, ba su kai rabin hanya ba suka juyo da ita a lulluɓe. Mama Bernice ce ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ita ce kuma shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiya, amma tata 'yar ta fi ƙarfinta. Abin ya ci mu ƙwarai. Har yau in an tuna sai hira ta mutu.

Baba Katanga ya ji kukanmu, ya kuma ga amfaninsa. Ran Lahadi bayan wa'azi ya miƙe a majami'a, ya ɗaga hannu sama.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji," in ji shi, "ni ba ɗan siyasa ba ne, bawanku ne. Ku buga bulo, ni zan kawo kwano, da gadaje, da nas mai farar riga. Wannan amana ce tsakanina da ku da Allah. In na ci ta, kada Ubangiji ya bar ni in kwana a ɗakina."

Muka ce amin da ƙarfi. Shi ma ya ce amin, har da share ido da hankici. Aka zaɓe shi.

Matan Zumunta ba su jira kowa ba. Suka sayar da cittarsu suka sayi siminti, suka yi ta ɗauko yashi daga rafi a ka, har wuyan wasu ya ƙi juyawa. Da aka fara buga bulo a watan Fabrairu, Mama Bernice ta ce tun da yawancinsu ba su iya rubuta suna ba, kowace mace ta danna tafin hannunta a jikin bulon da ta buga tun yana ɗanye, domin jikokin da za a haifa a ɗakin su ga waɗanda suka gina shi. Ita da hannun hagu ta danna nata, wanda wuƙar tsaga citta ta cire wa ɗan ƙaramin yatsa tun tana budurwa. Ta ce shi ya fi shan wahala, shi ya kamata a gani. Da bulon ya bushe, Fasto Luke ya tara ikilisiya a filin, ya ɗora hannu a kai, ya keɓe shi ga Ubangiji domin mata masu ciki.

Sati biyu bayan haka sai ga Baba Katanga da tifa.

"Gwamnati ba ta karɓar bulo haka kawai, iyayena," ya gaya wa matan. "Akwai ƙa'ida. Sai injiniya ya gwada shi a Kaduna, ɗaya bayan ɗaya, ya buga masa hatimi. Da ƙyar na samo muku layi."

Matan suka ji daɗi da bulonsu zai je Kaduna, inda su kansu ba su taɓa zuwa ba. Su da kansu suka loda shi, suna waƙar yabo suna tafi. Kansila yana tsaye a ƙarƙashin laima yana nuna inda za a jera. Bai taɓa ko guda ba, saboda kwat.

Daga nan bulonmu ya shiga karatu mai zurfi. Da Ista aka ce yana kan layi. Da ruwa ya sauka aka ce injiniyan ya tafi kwas Ingila. Da aka fara cin sabuwar masara aka ce fayil ya hau sama, kuma abin da ya hau sama ba a yi masa gaggawa. A wannan daminar cikin fari na Selina, matar ɗan Mama Bernice, ya fito fili. Tsohuwa ta daina barci sosai. Kowace Lahadi takan tare shi a ƙofar majami'a ta ce, "Kansila, bulo ya ci jarrabawa?" Shi kuma ya dafa kafaɗarta ya ce, "Mama, ki ƙara bangaskiya."

Ana cikin haka Allah ya buɗa wa bawansa. A mararraba, mil biyu daga gari, bakin babban titi, aka kewaye wani fili da kwano mai tsawo, aka kawo magina daga Jos waɗanda ba sa jin yarenmu, ba sa kuma son hira. Sati guda kafin Kirsimeti aka cire kwanon. Kai, jama'a. Ɗaki shida da falo, tagogin gilashi, shuɗin fenti mai ɗaukar ido, ga allo a gaba an rubuta GIDAN AMANA. Gaba da gefe biyu sun sha filasta sumul. Baya ne kawai lokaci ya ƙure ba a shafe ba, domin manyan baƙi sun riga sun sa rana. Da maginin ya yi magana, Kansila ya ce ya bar shi, manyan mutane ba sa zagayawa baya.

Ya yi rantsuwa ba zai kwana a gidan ba sai an keɓe shi da addu'a, don shi ba arne ba ne. Ranar Asabar aka jera kujeru a gaba. Ga 'yan'uwansa kansiloli, ga 'yan kwangila, ga wani babban jami'in lafiya daga Kaduna da aka ba kujera mai hannu. Matan Zumunta ma an gayyace su, har an aika musu mota. Suka zo cikin anko, da tulunan kiɗansu da caki, suna zaton waƙa za su yi. Mama Bernice ta taho da Selina, domin watanta ya tsaya kuma ba a bar mace ko ɗaya a gari ba. Madam Beatrice, matar Kansila, ta tare su tun daga bakin titi ta ce kujeru na baƙi ne, su wuce baya, ga shinkafa can tana jiran masu dafawa.

Suka wuce baya. Suka kafa murhu, suka hura wuta. Mama Bernice ta je jingina muciya da bango, sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ɗaga hannun hagu ta sa a jikin wani bulo, ya zauna daram, yatsu huɗu cikin gurbi huɗu.

"Clara," ta kira mataimakiyarta a hankali, "zo ki duba ko naki ma ya ci jarrabawa."

Na Clara yana ƙarƙashin taga. Na Caroline yana sama, sai da ta hau turmi. Kafin shinkafa ta tafasa, mata sun bi bangon nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowace da hannunta a manne, wasu a juye, wasu a kwance yadda magini ya ga dama. Ba wadda ta yi ihu. Wasu hawaye kawai suke yi, don baƙin cikin ya wuce na faɗa. A daidai nan Selina, wadda tun safe take cije leɓe ba ta gaya wa kowa ba, ta durƙusa kusa da murhu, faya ta fashe.

A gaba kuwa Katangar Talakawa ya kama lasifika, ya shiga minti na arba'in.

"Wannan gida," yake cewa, "shaida ce cewa mai gaskiya ba ya taɓewa. Kowane bulo da kuke gani a nan, gumi ne, addu'a ce. Ban gina don kaina ba, Allah ya sani. Ƙofata a buɗe take ga talaka dare da rana."

Sai aka ji tulu da caki. Matan Zumunta suka ɓullo ta gefen gida a jere, suna waƙar da suka loda tifa da ita, huɗu a tsakiya suna riƙe da Selina. Kansila ya washe baki ya ce wa baƙi, "Kun ga iyayena, ba sa iya ɓoye ƙauna." Suka wuce shi, suka wuce kujera mai hannu, suka bi ta ƙarƙashin jan ƙyallen da ba a yanka ba tukuna, suka shige babban ɗakin mai gida, inda sabon gado yake da katifarsa ko leda ba a cire ba. Mama Bernice ta leƙo ta ce wa Madam Beatrice, "Kawo ruwan zafi, yarinya ta fara." Ta rufe ƙofa.

Kansila ya ruga wurin Fasto Luke, ya ce ya yi sauri ya yi addu'ar keɓewa a tashi. Amma Clara ta riga ta ja Fasto zuwa baya, ya kuma gani da idonsa. Ya karɓi lasifikar, mutumin da ko akuya ba ya iya tsawata wa.

"Dattijo, ka yi haƙuri," ya ce. "Bulon nan na riga na keɓe shi a watan Fabrairu, na ba Ubangiji domin mata masu ciki. Ba a koya mini addu'ar karɓowa daga hannunsa ba. Duk mai so ya zagaya baya ya gani."

Ashe manyan mutane suna zagayawa baya. Jami'in Kaduna ne a gaba, ya sa tabarau, ya bi bangon a hankali, ya ciro ɗan littafi daga aljihu. A zamanin nan kuwa, in mutumin Kaduna ya ciro littafi, kwamitin bincike ne ke biye. Kwat ɗin Baba Katanga ta jiƙe sharkaf da gumi. Amma gwani gwani ne. Ya fizge lasifika.

"An tona mini asiri," ya ce, da dariyar da ba ta kai ciki ba. "So na yi in ba iyayena mamaki a ƙarshen taro. Wannan ai shi ne ɗakin haihuwar da na yi alkawari."

Aka yi tafi har da guɗa. Jami'in ya ba shi hannu, ya ce bai taɓa ganin kansila irinsa ba, ya rubuta a littafin cewa nas za ta iso a watan Janairu, ya kuma karɓi makullan gidan gaba ɗaya ya miƙa wa Fasto a gaban jama'a. Ana cikin tafin aka ji kukan jariri daga ɗakin mai gida. Mace ce, lafiyayya, uwar ma lafiya. Aka sa mata Angelina. Mama Bernice ta fito ta zauna a dakali ta yi kukan da ta riƙe shekara ɗaya da rabi.

Da yamma Kansila da Madam suka koma tsohon gidansu na laka a cikin gari. Amin ɗin da muka ce a majami'a ba ta faɗi ƙasa ba, domin ɗakin nan dai bai taɓa kwana a cikinsa ba. Dattawan ikilisiya kuma suka ɗauke kujerarsa daga gaba, suka ba shi bencin baya na waɗanda aka sa wa horo, ya ce ai can ya fi iska.

Da nas ta iso, sai ga shi da sabuwar shawara. Ya sami Mama Bernice tana shara a tsakar gidan, ya ce ya kamata a shafe bangon baya don mutuncin gwamnati, a kuma kafa dutse a rubuta sunan wanda ya gina.

Tsohuwa ta jingina tsintsiya.

"Bango ba za a shafe ba, sunan masu gini yana jiki," ta ce. "Mun duba shi kaf, Kansila, daga sama har ƙasa. Hannun kowa ya fito, har mai yatsa huɗu. Naka ne kawai babu. Amma kada ka damu, duk gari ya san inda ya shiga."