Masoya Sittin da Ɗaya na Shugaba Terpstra

Allah ya yi wa ƙungiyar lambunanmu ta bayan layin dogo, nan Leeuwarden, baiwar Wiebe Terpstra. Shekara tara yana shugabancinmu, kuma babu kabejin da ya taɓa girma a filin nan bai sha jawabinsa ba. In ya tare ka a rumfar shan kofi, to ka yi wa dankalinka addu'a, don kai da lambunka sai yamma. Gidan Rediyo muke kiransa, a bayan idonsa.

Bana sai Aukje Postma, tsohuwar malamar lissafi mai noman wake, ta ce za ta tsaya takara. Hankalin Wiebe ya tashi, don tun da ya bar aikin gidan waya kujerar nan ce rayuwarsa. Ya rantse zai nuna farin jininsa da alƙaluma. Sati uku ya yi yana liƙa wa shafin ƙungiya na intanet abin ƙirga baƙi: wa ya shigo, me ya duba, daƙiƙa nawa ya yi.

Sashen da yake zuba nasihohinsa kan yaƙi da dodon koɗi ya samu ziyara ɗari huɗu, duk daga mutum ɗaya, mazaunin layinsu Wiebe. Ya ce wani almajirinsa ne mai kunya. Amma sashen da ke nuna ranakun da shugaba zai zauna a rumfa, nan ake tururuwa kullum da safe. Daɗi ya kashe shi. Ya ƙara maɓalli: duk wanda ya danna, saƙo zai same shi ranar da shugaba ke tafe. Cikinmu mu sittin da uku, sittin da ɗaya suka danna.

Ranar zaɓe ya haska zanen alƙaluman a bango, layi ya miƙe sama kamar dutse, a garin da gada ce tudu mafi tsawo.

"Maƙwabta," in ji shi, "gani ya kori ji. Mutum sittin da ɗaya ba sa fita gida sai sun san inda nake. Wace shaida kuma ake nema?"

Aukje ta gyara tabarau. "Wiebe, ran Talata da saƙonka ya fita, kofi nawa ka wanke?"

"Ɗaya."

"Ran Laraba da ka tafi wurin likitan haƙori, talatin da huɗu na wanke. In kunne ya ji, ai jiki ya tsira."

Kowa ya sunkuyar da kai. Wiebe ya juya wajen matarsa Tjitske, wadda ita da shi ne kaɗai ba su danna ba, yana neman ceto. Ta ce ita ba ta buƙatar saƙo, ta taga take ganin ya hau keke.

Gaskiya na ji tausayinsa, har na ɗauka kujera ta tafi. Sai wani ya karanto dokar ƙungiya: shugaba ne kaɗai aka wajabta wa sanar da ranakun zuwansa. Ɗan ƙungiya kuwa yana iya faɗowa duk sa'ad da ya ga dama, ba sallama.

Nan take Aukje ta janye. Hannu sittin da biyu suka tashi don zaɓen Wiebe, kuma na Tjitske ne ya riga na kowa.