Hancin Tsohuwar Kampung Baru

Wai me ya kai hannuna hancin matar nan? Malam ya tambaye ni, 'yata ta tambaye ni, har yau da nake zaune ni kaɗai a ɗakin nan ban samo amsa ba. Ko zan manta sunana, wannan rana dai ba zan taɓa mantawa da ita ba. (Ke mai rubutu, riƙe dariyarki, ba mu ma fara ba.)

'Yar farina ce ta haihu a Kuala Lumpur, inda mijinta yake karatu, suka aiko mana mu je ni da mai gidana Malam, Allah ya jiƙansa. Ku sani, tun da yaron nan ya auri 'yata ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban ambaci sunansa ba, ko ruwa ban sha a gabansa ba. In ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana," bango nake kallo in amsa. Da wannan kunyar suruki nake taƙama a unguwarmu.

Bayan suna yaron ya ce zai zaga da mu gari. Ya fara kai mu gidan tarihi, na ga mutum-mutumi iri-iri, wata na daka, wata na saƙa, kai ka rantse za su yi magana. Har na rusuna na gaishe da ɗaya. Malam ya yi ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa na ƙudurta ba za a sake yi mini ba.

Washegari sai Kampung Baru, tsohon ƙauyen Malayawa da ke tsakiyar birni. An ce mini a kewaye yake, ni kuma haifaffiyar cikin badala, sai na sa ran ganin ganuwa da ƙofofi. Muna fitowa daga tashar jirgin ƙasa na ce, "To ina ganuwar?"

Malam ya nuna dogayen benayen gilashi da suka yi wa ƙauyen zobe. "Ga ta nan, Hajjaju. Tasu a tsaye take, ba kamar taku da awaki suka gama da ita ba." (Mutumin ƙauye ne, ba ya gajiya da tsokanar 'yan birni.)

Gidajen katako a kan ƙafafu, ga ayaba, ga kaji suna kiwo a ƙarƙashin ɗaki, ga ƙamshin shinkafar kwakwa. Murna ta kama ni kamar yarinya ranar sallah. Mazan suka tsaya sayen abinci, ni kuwa na hango wani gida ƙofa a buɗe. A wurinmu ai mace ba ta da shamaki, kowane gida faɗawa take. Kuma a zatona ƙauyen duk na kallo ne, irin na jiya. Na tuɓe takalmi na hau matakala, ko sallama ban yi ba, don an riga an yi mini dariya sau ɗaya.

Ga ta a kujera bakin taga, tsohuwa tukuf, farin mayafi, carbi a hannu, ido a rufe. Na ce kai, wannan ta fi na jiya, har fatar sun yamutsa mata! Na leƙa taga na ƙwala kira, "Malam! Ku zo a ɗauke ni hoto da wannan!" Na dafa kafaɗarta, na gyara mata mayafi. Sannan, Allah kaɗai ya san dalili, na kama hancinta na ɗan murɗa.

Hancin da ɗumi.

Ta buɗe ido ta ce, "Astagfirullah!" Na ce, "Innalillahi! Malam, ta tashi!" Na kwasa a guje, ɗankwalina ya maƙale a ƙofa, ban san yadda na sauko matakalar ba. Farar rigar da na fara gani na ruƙunƙume, ina ta, "Malam ka cece ni!"

Sai murya daga saman kaina: "Inna... ni ne."

Surukina. Ni ce ƙanƙame da shi, kai ba ɗankwali, furfura a waje. Malam kuwa yana zaune dirshan a ƙasa da ledar abinci, hawaye shaɓe-shaɓe don dariya.

Tsohuwar ta sauko riƙe da ɗankwalina, hanci ja wur. Yaron ya ba ta haƙuri da yarensu, ta tuntsire da dariya, ta kama hannuna tana "Makan, makan," wato sai mun ci abinci. Ta ƙi saki. Haka na zauna tabarma ɗaya da surukina, ina tura loma ina roƙon ƙasa ta tsage. Daga ranar na koyi darasi: duk abin da ka gani a zaune, gaishe shi. Gara a yi maka dariyar gaisuwa da ta murɗar hanci.

Malam bai bar maganar nan ba har ciwonsa na ajali. (Dakata in share ido. Rubuta, ba na ɓoye kukana.) Ranar da zai tafi, bayan la'asar, na gan shi kwance shiru, ido a rufe, carbi a hannu. Na kai yatsa hancinsa in ji ko yana numfashi. Sai ya buɗe ido ɗaya ya yi murmushi, ya faɗi maganar da ita ce ta ƙarshe tsakanina da shi:

"Hajjaju, ba ki daddara ba? Sakar mini hanci, da raina tukuna."