Akwatin Lasifika Da Jeren Amaryar Yashe

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har da gashi, amma ba zan taɓa mantawa da shekarar da na fi kowa kunne a ƙasar Kankiya ba. Ba yabon kai ba ne. Babur yana tasowa daga Rimaye, ina zaune a ƙofar gida da kofin shayi, zan faɗa maka ko fuloginsa ya kusa mutuwa. Sauro in ya wuce, ina gane wanda ya ƙoshi da wanda bai karya ba. To, wannan kunnen ne na ɗauka na tafi da shi Kano sayen akwatin lasifika.

Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, ina koyarwa a firamare, da yamma kuma muna da ƙungiyar kiɗan zamani da muka sa wa suna 'Yan Sabon Yayi. Sule ne shugaba, shi ke waƙa yana kaɗa ƙaramar jita. Audu na kan ganguna. Ni kuma ina riƙe da bes, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda take gurnani daga ƙarƙashin kiɗa. Nakan gaya wa mutane ita ce harsashin ginin, in babu ita komai rushewa zai yi. (Abin da ba na gaya masu shi ne, an ba ni ita ne saboda yatsuna sun yi wa ƙaramar jita kauri.)

Matsalar bes ita ce ba ta da murya tata ta kanta. Sai an jona ta da waya zuwa amfilifaya, daga nan zuwa akwatin lasifika, shi ne bakinta. Nawa akwatin kuwa gadonsa na yi daga wani mai tallan magani a kasuwa, bai fi kwalin sabulu ba. In na ja tsirkiya mafi kauri, maimakon gurnanin zaki sai ka ji kamar an rufe zanzaro a kwalba.

Da na haƙura da shi har yau, ba don Rakiya ba. Rakiya ita ce yarinyar da nake nema, tana hannun gwaggonta, Gwaggo Tabawa, wadda ta riƙe ta ita da yayarta tun suna ƙanana. Maganar Gwaggo ita ce hukunci a gidan. Ta riga ta ji labarin wai malamin makarantar nan yana bin makaɗa, don haka da manyana suka nemi zuwa gaisuwa, ta ce a dakata tukuna a gama bikin yayar Rakiya, ita kuma ta ƙara duba hankalina. Kun ga ke nan aurena yana rataye a kan hankali, abin da na tabbata ina da shi har ya yi mani yawa.

Ana cikin haka muka yi wasa a bikin rufe makaranta, Rakiya ta zo kallo. Da na je zance na gyara zama ina jiran yabo, sai ta ce, "Malam, kai wai me kake yi a wurin? Na ji jitar Sule, na ji ganga. Kai kuwa ka tsaya kana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga."

Na yi dariya tare da ita, amma a ranar na ƙudura a raina sai na sake akwati.

Allah da ikonsa, a watan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya. Abokan aikina wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset, wani ya rufe ɗakinsa da kwano. Ni na hau mota sai Sabon Garin Kano, shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan kiɗan otal-otal. Na ce mashi ina son akwatin da in na taɓa tsirkiya a Kankiya, za a amsa a Kusada.

Ya fito mani da na farko, mai ƙananan bakuna huɗu. Na jona, na ja. Gaskiya ko yanzu in na rufe ido ina jin daɗinsa. Kowace tsirkiya ta fito da muryarta daban, garau, ga taushi kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Duk mai hankali a nan zai tsaya. Amma ni a take na ƙirƙiro ilmin gwaji nawa na kaina. Na ɗauki kofin shayin mai shago da cokali a ciki, na ɗora a kan akwatin, na sake ja. Cokali bai motsa ba. Na ce a raina, sautin da bai motsa cokali ba, ina zai motsa zuciyar budurwa?

Na biyu mai baki ɗaya ne matsakaici, bayansa a buɗe. Muryarsa da ɗan kauri, amma kamar mutumin da ke magana daga cikin rumbu. Cokali ya ɗan yi rawa ya tsaya. Na taɓe baki irin na masana, na ce a kawo wani.

Sai dattijon ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya ja ni can ƙuryar shago ya yaye wani tamfol. Jama'a, na ga akwati. Tsayinsa ya kawo mani ƙirji, baƙi wuluk, da baki guda ɗaya mai faɗin tiren mai tsire. Ya ce daga wani gidan silima na fili aka ciro shi. Muka ɗora kofi, na ja tsirkiya mai kauri sau ɗaya. Ƙafar wandona ta kaɗa. Haƙorin da na cike ya amsa. Kofin nan ya kama tafiya a hankali kamar mai zuwa masallaci, ya isa gefe, ya faɗo ya tarwatse.

Na ce, "Wannan nake so."

Dattijon bai ko nemi kuɗin kofinsa ba. Ya ƙara mani da sirrin sana'a kyauta, ya ce in na sami kusurwa na jingina bayansa da bango, sautin ninkuwa zai yi. Da kansa ya nemo 'yan dako, ya raka ni har tasha yana ta sa mani albarka. (Sai daga baya na gane irin murnar mutumin da ya daɗe yana neman wanda zai raba shi da kaya.)

Da aka sauke shi daga kan babbar mota a tashar Kankiya, wani tsoho ya cire hula ya fara salati, ya zaci gawar wani babba aka kawo. Wasu suka ce firji ne. Ƙofar ɗakina ta ƙi shi, sai a ɗakin ajiyar makaranta ya kwana. A wajen gwajin kiɗanmu kuma da batirin mota muke amfani, wanda ba ya iya ciyar da shi, don haka ban taɓa jin cikakkiyar muryarsa ba tun daga Kano. Na dai riƙa gaya wa Sule ya jira ya gani.

Bikin yayar Rakiya a Yashe aka yi, gidan ango. Angon ma'aikaci ne a Kaduna, ya zo da janareta, ya kuma dage sai an yi mashi kiɗan zamani. Dattawan gidan malamai ne, da ƙyar suka yarda, da sharaɗin a yi a filin ƙofar gida, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Ni kuwa na ga dama ta samu: Rakiya za ta ji, Gwaggo za ta ga natsuwa.

Yaran yanzu ba su san jere irin na wancan zamani ba, bari in yi masu bayani. Kwanuka ne na amarya, fanteka da langa da samira da tasoshi, ake ɗora su wani kan wani a jikin bango, babba a ƙasa ƙarami a sama, layi bayan layi har su kusa taɓa rufi, a ƙawata can ƙololuwa da tangaran. Da su ake auna mutuncin gidan da amarya ta fito. Gwaggo Tabawa ta yi shekaru tana tara nata, kowace ranar kasuwa da abin da za ta ƙaro. Tun safe take ɗakin amarya da ƙawayenta suna jerawa, kuma bayan la'asar ne dangin ango mata za su shiga gani.

Duk wannan na sani. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne ina ɗakin yake. Ina isa fili na hango wata kusurwa mai kyau, inda bayan wani ɗaki ya haɗu da katangar gida. Ɗakin sabon yaɓe ne, har da farar ƙasa. Kowa a ƙasar Hausa ya san ɗakin da ake yi wa sabon yaɓe ranar biki. Ni bango kawai na gani. Sule ya ce in matso da akwatin kusa da su, na ce mashi ya tsaya ga waƙarsa, harkar sauti ta masu kunne ce. Na sa aka manna bayansa da bangon nan har ba masaka allura.

Aka tayar da janareta. Na hango Rakiya cikin 'yan mata a bakin zaure. Na kai hannu na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe.

Bugun farko, kaji suka watse. Ƙura ta yi tsalle daga ƙasa ta koma. Wata Bafillatana mai tallan nono ta rungume ƙwaryarta da hannu biyu. Rakiya ta juyo ta dube ni, ni kaɗai. Na ji kaina ya taɓa gajimare. Na buɗe ƙafa, na runtse ido, na shiga ba tsirkiya haƙƙinta.

Can sai kunnen nan nawa mai albarka ya tsinkayi wani sabon sauti, siriri, caras-caras, yana bin bugun hannuna daidai ba kuskure. Na ce lallai Audu ya samo sabon kacau-kacau bai gaya mana ba. Na juya na ɗaga mashi gira alamar ya kyauta. Ya dube ni ya girgiza kai. Na ɗauka kunya ce. Na ƙara ƙaimi, caras-caras ɗin ya ƙara daɗi, har da wata ƙararrawa-ƙararrawa a sama. Wallahi na yi tunanin ba mu taɓa yin kiɗa mai tsari kamar na ranar ba.

Aka zo inda Sule ke yin shiru ya bar mani fili. Na sauka kan tsirkiya mafi kauri, na ja ta da dukan ƙarfina, na riƙe.

Abin da ya biyo baya, ka ce kasuwar maƙera ce aka juye a rijiya. Kuma bai tsaya nan take ba. Ya yi ta zubowa, in ya lafa sai wani layi ya ɗauka, da salatin mata a tsakani. Kiɗa ya mutu. Sai ga murfin langa guda ya gangaro ta cikin zaure, ya ratsa fili, ya zagaya ni, ya kwanta a gabana yana karkarwa. (Sule har ya bar duniya yana cewa babu wani murfi da ya fito. Amma ni ke ba da labarin.)

Gwaggo Tabawa ta fito, ɗankwali a karkace, farar ƙasa a kafaɗa, da fanteka a hannu wadda gefenta ya loɓa. Bayanta dangin ango ne, kowace da abin da za ta kai gida ta faɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ne kawai, wane ne mai tsawar nan.

Sule ya nuna ni. Audu ya nuna ni da sandar ganga. Har angon ya nuna ni.

Na zube ƙasa don in ba da haƙuri, na manta jitar tana rataye a wuyana kuma ba a kashe komai ba. Gwiwata ta daki tsirkiya. Akwatin ya yi wani gurnani na bankwana, daga cikin ɗaki kuma muka ji kwano ɗaya da ya rage ya faɗo shi kaɗai, ya yi ta juyi kafin ya yi shiru. Na ga Rakiya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Halan kai ne aka ce kana koya ma ɗiyan mutane hankali?"

 

Maganar aure ta kwanta har damina ta shiga ta fita. Kawuna ya yi ta zarya da goro. Ni kuma duk ranar kasuwa sai a gan ni da sabon kwano a hammata na nufi gidan Gwaggo, don kwanon jere in fentinsa ya ɓantare ya bar baƙin tabo, ya tashi daga ado ya koma na wanke-wanke. 'Yan ajina suka sa mani Malam Fanteka, suna nan da furfurarsu yanzu suna kirana da shi. Daga ƙarshe Gwaggo ta sauko, ta ce ta ga dai ina da naci ko da hankalin bai cika ba. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar jeren Rakiya, kada akwatin nan ya kwana a cikin gari. Sai da aka ɗora shi a amalanke aka kai shi Kafin Soli wurin wani abokina, aka kuma aiko mutum ya tabbatar ya isa.

Na koma Kano neman mai bakuna huɗun nan, na tarar wani mai hankali ya riga ni. Abin da na koya dai shi ne, akwatin lasifika da kunne ake zaɓensa ba da cokali ba, kuma kafin ka jingina da bango ka leƙa ka ga abin da ke bayansa. Babban akwatin yana nan a bayan gida, an cire mashi baki, kajin Rakiya ke kwanci a ciki. Ba su taɓa kawo ƙara ba.

Kwanan baya ina ba jikokinmu wannan labari, na rufe da cewa ko ba komai buƙata ta biya, tunda a ranar kakarsu ta ji bes ɗina da kunnenta. Tana tankaɗe a gefe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ni fa, Malam, har yau ban ji kiɗanka ba. Kwanuka dai na ji, kuma sun fi ka iyawa."