Nomau da Makwancin Motar Tsere

Gara in faɗa tun da farko, wani ɓangare na wannan labari ya zube mini a hanya. Na manta shekarar, na manta sunan dagacin garin. Ita kanta motar, wani lokaci ina ganinta ja wur a zuciyata, wani lokaci kuma ruwan ɗorawa. Amma Nomau ban manta shi ba, kuma ba na jin zan manta shi sai ranar da na manta sunana.

A zamanin da nake yawo da buhun littattafaina, na sauka a wani gari da ake kira Rafin Tsamiya da niyyar kwana uku, na yi wata biyar. A zauren gidan marigayi Bawa Mai Shanu aka sauke ni. Bawa ya yi suna a kara, wato kasuwar shanu, an ce bai taɓa sayen sa ya yi nadama ba. Ya bar mata ɗaya, Inna Tasalla, da 'ya'ya maza biyu, da wata 'yar fadama a bakin rafi wadda albasarta ke ciyar da gidan. Ƙaramin ɗan, Sabi'u, yaro ne mai kaifi da son ado, ya yi aiki a Kudu ya dawo da baƙin tabarau. Babban shi ne Nomau. Mutanen gari suna ce masa wawa. Ni dai abin da na gani shi ne, duk abin da aka ce ya yi sai ya yi shi daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari, ko da kuwa gari zai tashi. An ba ni labarin wata rana uban ya ce masa, "Tsaya wurin san nan mara lafiya har ya miƙe." Kwana uku Nomau yana tsaye a turke, a tsaye ake kawo masa tuwo. A rana ta huɗu san ya miƙe. Wasu suka ce kunya ce ta kama shi.

Wata rana Sabi'u ya dawo daga birni bakinsa har kunne. Ya ga wata motar tsere a wurin wani dillali mai suna Ɗan'azumi: gajera, cikinta kusa da ƙasa, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta yana naɗewa kamar tabarma. Ta hannu ce, amma wai kamar jiya aka ƙera ta. Ɗan'azumi ya ce ba ya son ko sisi, musaya yake so: a ba shi fadama, domin sabon titi zai bi ta wurin, yana so ya gina gidan mai. Abin da ya rage kawai Inna ta dangwala yatsa a takarda.

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ba zan dangwala ba sai yayanka ya duba ta."

"Yaya? Haba Inna! Yaya da ko keke bai iya hawa ba?"

"Shi nake so." Ta juya ta ce, "Nomau, ka je ka duba motar nan kamar yadda babanku yake duba sa kafin ya saya. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Nomau ya ƙirga da yatsunsa: "Baki, ƙafafu, kaya, makwanci. To, Inna."

Wata rana muka shiga birni mu uku, domin Inna ta roƙe ni in bi su in zama shaida. Ɗan'azumi ya tarbe mu da ruwan sanyi, mutum ne mai ƙiba da daɗin baki. Nomau bai ko zauna ba, ya ce, "A buɗe mata baki." Aka yi dariya, aka ɗaga murfin inji. Injin yana ta ƙyalli, ko ƙura babu. Nomau ya cusa kansa ciki har wuya, ya sunsuna dama ya sunsuna hagu, ya lakato da yatsa ya ɗanɗana. Ya fito yana tofar da yawu.

"Sabulu ne," in ji shi. "Alhaji, me ta ci da aka wanke mata baki?"

"Tsafta ce kawai, Malam Nomau."

"Baba ya ce san da aka wanke wa baki ranar kasuwa, a tambayi abin da yake dalala."

Masu kallon motoci biyu da ke gefe suka dubi juna, suka je suka buɗe bakin motocin da suke ciniki su ma. Ɗan'azumi ya yi murmushin yaƙe. A hanyar komawa Sabi'u ya yi ta hararar yayansa har muka wuce kwalbatin gari.

Wata rana aka koma domin duba ƙafafu. Bawa yana ɗaga kofaton sa ɗaya bayan ɗaya ya sa tsinke ya tone, saboda haka Nomau ya rungumi tayar gaba yana nishi zai ɗaga. Aka ce masa ga jak na ɗaga mota. Ya ce Baba da hannu yake ɗagawa. Ya fita bakin titi ya kirawo 'yan dako huɗu, ƙarti, suka cicciɓi motar ta gefe guda, shi kuma ya tsuguna da tsinkensa yana bin zanen taya layi-layi, yana fitar da tsakuwa yana ajiyewa a aljihu. 'Yan dako suna ta kuka da bayansu.

"Malam, ka gama?"

"Saura uku."

Da aka zo ta ƙarshe ƙarfinsu ya ƙare, suka dire ta a kan takalmin Ɗan'azumi. Allah ya so ya zare ƙafarsa, amma takalmin sai da aka tura motar aka ciro shi, ya baje kamar gurasa. Nomau ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Ƙafafunta ba 'yan uwan juna ba ne. Wannan zanenta kamar ƙashin kifi, wannan kamar kitso, wannan kamar tsani, ta bayan nan kuwa sanƙo gare ta." Sabi'u ya ce taya ai abin canzawa ce. Ni kuwa na lura, kallo ɗaya Nomau ya yi musu ya haddace, abin da almajiraina da yawa ba sa yi wa allo.

Akwai wani abu da ya faru tsakanin wannan da na gaba, wani abu game da madubi da wata tunkiya, amma ya tafi. Allah ya sa ba shi ne mafi daɗi ba.

Wata rana aka zo gwajin kaya. Ka'idar Bawa ita ce a ɗora wa sa irin kayan da zai riƙa ɗauka, a bi da shi hanyar da zai riƙa bi. Nomau ya tambayi ƙanensa me motar za ta riƙa ɗauka. Sabi'u, don ya burge Inna, ya ce da ita zai riƙa kai ta kasuwa da kayanta. Saboda haka da Ɗan'azumi ya yarda aka kawo motar bakin gari, sai ga Nomau da buhun albasa biyu a ka. Ya dire ɗaya a kan kujerar fata, ya ɗora ɗayan a kai, ya ɗaure su da bel.

"Wannan Inna ce, wannan kayanta," in ji shi. "Na auna, nauyinsu ɗaya. Ba zan fara gwadawa da Inna ta gaske ba."

Sabi'u ya ja mota, ta yi gurnani kamar zaki, yara da manya suka fito kallo. Ta yi gudu mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma da ta zo kwalbatin shiga gari, inda hanya ta yi tozo, sai cikinta ya hau kai ya zauna. Tayoyin baya suna juyawa a iska, na gaba suna leƙen ƙasa. Sai da aka kawo shanun huɗa biyu suka jawo ta. Ɗan'azumi ya riƙe kai yana salati, yana cewa warin albasa ba zai fita ba har tashin duniya. Nomau ya shafa wuyan shanun, ya hango Inna cikin 'yan kallo ya ce, "Inna, sun fi ta."

Duk da haka Sabi'u bai haƙura ba. Ya ce za a fasa kwalbatin idan titi ya zo. Ya kai motar wurin wani bakanike, Lawandi, wanda Ɗan'azumi ya nuna masa. Lawandi ya jona mata na'ura, ya danna nan ya danna can, ya ce lafiyarta ƙalau. Sabi'u ya dawo ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, na'ura ta duba. Me ya rage kuma? Kin ce in an duba za ki yarda." Inna mace ce mai cika magana. Ta ce to. Aka sa ranar Alhamis da hantsi a zauren dagaci. Na ga ta je fadama ranar Laraba da yamma, ta zauna a bakin kwarin albasa, ba ta tsinki komai ba ta dawo.

Nomau ya ce, "Saura makwanci."

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri," in ji Sabi'u. "Mota ba ta barci."

Wata rana, wato Alhamis ɗin, muka idar da sallar asuba na waiga ban ga Nomau ba. Abin da ya faru, daga baya shi da kansa ya ba ni labari. Bawa yakan je turken sa da sassafe kafin a yi shara, ya ɗebi abin da san ya zubar ya baje ya duba. Nomau ya hau motar farko zuwa birni, ya isa filin Ɗan'azumi, ya tarar babu motar a inda ake nuna ta, ƙasa kuwa fes. Wani da ba shi ba da ya koma gida. Shi kuwa ya sunkuya ya ga sawun taya a bakin filin: ƙashin kifi, kitso, tsani da sanƙo. Ya bi sawun kamar mai neman ɓataccen maraƙi, ta lungu uku, har bayan garejin Lawandi. An riga an fita da motar zuwa wanki, amma makwancinta yana nan ba a share ba.

Mu kuwa muna zaure. Dagaci a kan kujera, dattawa a tabarma, Ɗan'azumi da sabon takalmi, takarda a shimfiɗe a ƙasa. An shafa wa Inna tawada a babban yatsa. Ta ɗaga hannu ke nan, sai muka ji sallama. Nomau ya shigo da ƙatuwar ƙwarya a ka, gumi yana zuba. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe." Ya duba inda zai baje, bai ga wuri mai fari da tsafta ba sai takardar nan. Ya kife ƙwaryar a kai.

Zaure ya kaure. Baƙar ƙasa mai danƙo ta rufe rubutun gaba ɗaya, ta fantsama a rigar dagaci. Sabi'u ya yi tsalle yana cewa, "Ka kashe ni, Yaya!" Dagaci ya ce a fitar da shi. Nomau kuwa ya sa tsinkensa yana baje ƙasar a natse, kamar babu kowa.

A cikin dattawan akwai wani Baba Gwadabe, tsohon direban babbar mota, wanda ya shekara arba'in a titi. Ya ce, "Ku dakata." Ya matso ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Wannan baƙin mai ne. Wannan fari-farin kamar kindirmo, mai ne ya haɗu da ruwa. Wannan mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe ne, cikinta yana cin kansa." Ya sake sunsunawa, fuskarsa ta canza, ya dubi Sabi'u. "Wannan kuwa man birki ne. Yaro, kowace safiya ake yi mata ɗuri kafin ka gan ta. Ranar da ba a yi ba, ka taka birki a gangaren rafi, sai dai a tsamo ka."

"Ƙarya ne!" in ji Ɗan'azumi. "Motoci nawa ke kwana a garejin? Wa ya san ta wace ce?"

Nomau ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ƙunshin ganye. Ya kwance a hankali. Ɓantaren laka ne guda huɗu da ya yanko da wuƙa, kowanne da zanensa. Ya jera su a gaban dagaci. "Ƙafar gaba ta dama, ta hagu, ta baya, ga mai sanƙon. Motar tana bakin kwalbati, ranka ya daɗe, a je a gwada."

Ba a je ba. Ɗan'azumi ya ce ya tuna yana da wani uzuri. Inna ta dubi yatsanta mai tawada, ta goge shi a gefen zaninta, ta ce, "Nomau, ka karya kumallo kuwa?" Ya ce a'a, ba ta ce ya karya ba. Sabi'u ya sunkuyar da kai. Da aka tashi, shi ya ɗauki ƙwaryar ya bi bayan yayansa da ita.

Bayan shekaru masu yawa hanya ta sake biyowa da ni ta wurin. Inna ta tsufa ƙwarai amma ta gane ni, ta sa aka cika mini jaka da albasar fadamar, ga titi ya wuce ta gefenta. Sabi'u yana da a-kori-kura yana kai kaya birni, kuma ya ce bai biya ba sai da Yaya ya je makwancinta. Da na shiga birni na nemi garejin Lawandi, domin zancen launin nan yana damuna. Motar tana nan a baya, ba taya ba inji, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Lawandi ya yi furfura, ya daina ɓoye-ɓoye, ya ce wanda ya saye ta bayanmu bai yi mako ba aka jawo ta da igiya. Na matsa kusa na duba. Ja ce. Amma a gefen ƙofa akwai wani ɗan wuri da aka kankare da farce tun da daɗewa, daidai tsayin mutum a tsugune yana duba taya, kuma a ƙarƙashin jan, ruwan ɗorawa ce.