Hoton Fadama da Ludayin Surukina

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar sunan 'yata ta fari ba na jin za ta taɓa fita daga kaina. A ranar ne na kunyata surukina a ƙofar gidansa, a gaban duk wani mai furfura na garinsu. Abin haushin ma da kyauta na yi hakan, kyautar da na daɗe ina shiryawa ina jin kaina.

Bari in fara da ciwon da ke damuna a lokacin. Ina koyarwa a wata sakandare a Haɗejiya, sai na sayi waya mai kyamara mai kyau, daga nan na kamu da ɗaukar hoton fili. Hoton mutane ai na masu biki ne (haka nake cewa, ina wani ɗaga hanci). Ni nawa ruwa ne da sama da itatuwa. Duk ranar da babu aiki sai in hau babur in nufi fadama, in yi ta tsugunne-tsugunne a bakin ruwa ina jiran balbela ta tashi. Sauro ya ci ni, ƙaya ta yaga min wando, akwai ranar da na zurma cikin taɓo har gwiwa masunta na kallona daga cikin kwale-kwale, ba wanda ya ce min sannu saboda dariya. In na dawo gida kuma sai a shiga babban aikin, wato gyara. In ƙara wa sama shuɗi, in goge leda, in goge turken wuta, in miƙar da gaɓar da ta karkace. Matata Falmata takan leƙo ta ce, "Wannan wurin a ina yake?" In ce mata, "Bayan garinku ne mana." Sai ta ce, "To ni dai ban taɓa zuwa ba."

Mahaifinta, Alhaji Modu, manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Guri. Babarbare ne dogo, marar yawan magana, kuma mutum ne da ladabi ya dame shi ƙwarai. In ka miƙa masa abu da hagu ba zai yi maka faɗa ba, barinka zai yi da hannu a sama har ka gane da kanka. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa gaya min magana marar daɗi ba, mai daɗin ma bai taɓa gaya min ba. Gaisuwa ce kawai, in durƙusa, ya amsa, in tashi. Sai dai labari ya zo min cewa ya taɓa tambaya ko ba ni da gona ne, da nake yawo ina tsugunne a gonakin mutane. Maganar nan ta tsaya min a rai. Ba abin da nake so kamar dattijon nan ya san cewa mijin 'yarsa ba shashasha ba ne.

Da cikin Falmata ya tsufa sai ta tafi gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Lokacin kaka ne, ruwa ya fara janyewa daga fadama, shinkafa ta nuna. Wata rana na je dubo ta, da la'asar na zagaya bayan gari da wayata. Wallahi wurin ya yi kyau da kansa. Shinkafa ta yi ruwan zinariya har inda ido ya ƙare, wani reshen kogi ya taso daga hannun dama ya lanƙwasa ya shige cikin bado, ga giginya guda a tsaye, ga rufin gidajen gari can nesa. Na ɗauka na tafi.

Sai da na koma Haɗejiya ina dubawa na lura da wani ɗan farin ɗigo a gindin goruba, a gefen hoton. Har na kai yatsa zan goge shi, na ɗauka leda ce. Na jawo shi kusa, sai ga Alhaji Modu zaune a bakin gonarsa, ƙwaryar fura a gabansa. Na ce Allahu akbar, ga hanya ta samu. Zan wanke hoton nan babba, in sa masa gilas, in kai masa. Ya ga gonarsa yadda bai taɓa ganinta ba, ya ga kansa a ciki, daga nan mu ga ko zai sake tambayar gonata.

Na zauna gyara. Sama ta sha shuɗi, shinkafa ta ƙara zinariya, wata tsohuwar taya da ke bakin ruwa ta ɓace. To a kwanakin nan akwai wani Bature da nake kallon darasinsa a waya, mai gemu da ƙatuwar jakar kyamara, duk abin da ya faɗa a wurina ya zauna. Shi ne ya ce hoto ya fi daɗin kallo in kogi ko hanya ta shigo daga hagu, wai don daga hagu ido ke fara karatu. (Ban tsaya na tuna cewa mutumin da zan kai wa hoton daga dama ya fara karatu tun yana ƙarami ba.) Nawa kogin daga dama ya shigo. Akwai wani ɗan maɓalli a manhajar gyaran, da ka taɓa shi dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Na taɓa. Kogi ya koma inda Bature yake so, na jinjina wa kaina.

A waya Alhaji Modu bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da aka wanke hoton ya kusa rabin ƙofa, sai ya zama kamar tafin hannu, komai nasa ya fito fes. Na kalli hoton a shagon wankin hoto, na kalle shi a gida, amma sama nake kallo, ina jin daɗin shuɗin da na zuba mata. Na naɗe shi a takarda na ajiye.

Falmata ta sauka lafiya, aka sami mace. Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa suka cika, aka raɗa suna, aka yi addu'a, goro ya zagaya. Ni uban jaririya ne na fari, ga shi kuma gidan surukai, don haka niyyata in laɓe a baya, in an watse in aika da hoton cikin gida. Ina sanɗa ta gefen zaure da ƙunshina a hammata sai na ji an ce, "Malam, me ka rungumo haka kamar ƙyauren ɗaki?"

Arɗo Buba ne, wani tsohon Bafillatani da suka tashi tare da Alhaji Modu tun suna yara. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. A duk garin shi kaɗai ne ke iya gaya wa surukina abin da ya ga dama, shi ma yana iya ramawa. Na ce, "Baba, ɗan saƙo ne." Ya ce, "Kawo nan, kayan bawana ai nawa ne." Kafin in yi wata dabara ya karɓe, ya yage takardar, ya jingina hoton a bango inda kowa zai gani.

Na ɗan sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Aka yi ta cewa masha Allah. Wani ya ce kamar ƙasar waje. Na saci kallon Alhaji Modu na ga ya gyara zama yana dubawa, zuciyata ta yi fari. Sai Arɗo ya matsa kusa, ya sa fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe a haka. Can ya juyo a hankali, bakinsa har kunne.

"Jama'a, ku zo ku ga Modu da ludayi. Da wane hannu yake sha?"

Aka matso, ni ma na leƙa ta bayan mutane. Ga surukina nan zaune a gindin goruba, ya ɗaga ludayi zuwa bakinsa, da hannun hagu. Ni kaɗai na san yadda aka yi.

Arɗo ya koma kan tabarma ya miƙe ƙafa, ya samu abin da yake so. "Ku yara ba ku sani ba. Wannan da kuke gani bahago aka haife shi. Uwarsa da tsumma take ɗaure masa hannun in za a ci tuwo, yana ci yana kuka. Ni na sha cinye masa rabonsa kafin ya kai loma ɗaya da dama. Ashe duk shekarun nan in ya shiga daji ba kowa sai ya koma gidan jiya."

Ni ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma daga fuskokin mutane na gane da yawansu ma ba su taɓa ji ba. Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya, wasu suka kasa dannewa. Alhaji Modu bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Ni ban sha da hagu ba."

Arɗo ya ce, "Injin hoto ba ya ƙarya, Modu. Ga ka nan."

Sai na ga dattijon ya dubi hoton, ya dubi hannunsa, kamar shi ma ya fara shakkar kansa. A nan ne ya kamata in yi magana, amma na kasa. Na farko, suruki ba ya buɗe baki a taro a gaban surukinsa. Na biyu, kuma shi ne gaskiyar, ina jin tsoron abin da zai biyo baya. Har wata zuciya ta ce min in yi shiru, ai wasa ne, zai wuce. Sai na tuna mutumin nan ya yi shekaru yana gyara wa 'ya'yan garin nan hannu, gobe kowa zai ce ashe shi ma. Na durƙusa daga inda nake.

"Baba, ni ne na juya shi."

Arɗo ya ce, "Ka juya wa?"

"Hoton. Da dama yake sha. Ni na mayar da dama hagu."

"Don me?"

"Don... wai kogin ya fi kyau in ya shigo daga hagu."

"In ji wa?"

"Wani Bature."

"Ya taɓa zuwa garin nan?"

Na ce a'a. Daga nan wuri ya kaure. Sai a lokacin kowa ya fara ganin sauran ɓarnar. Wani ya ce shi ya sa tun ɗazu yake ganin giginyar ta tsallaka yamma. Wani ya ce to in haka ne ruwan ma ya juya ya koma Kano, bana sai mutanen Kanon su zo su yi mana noman. Wani tsoho ya nemi a nuna masa inda na kai gonarsa, don ya san inda zai je girbi.

Da na yi shiru a nan da sauƙi. Amma ni da na ƙudurta sai na wanke surukina tas, sai na zaro waya na buɗe hoton na asali, na nuna musu maɓallin. Kuskure na biyu ke nan. Arɗo ya karɓi wayar, mutumin da ko kira sai an danna masa, amma maɓallin nan kallo ɗaya ya yi masa ya iya. Ya ɗaga wayar sama yana taɓawa. "Ga Alhaji. Ga Bahago. Ga Alhaji. Ga Bahago." Wayar ta bi layi hannu zuwa hannu, kowane dattijo sai ya juya surukina ya mayar kafin ya miƙa wa na kusa da shi.

Alhaji Modu ya miƙe, ya ɗauki hoton, ya shige gida. Ranar ko naman suna ban iya ci ba. Na leƙa na gai da Falmata, wadda labari ya riga ya isar mata, ta dube ni ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na hau babur na dawo Haɗejiya ina jin na gama yawo a gidan nan.

Kafin ta yi arba'in na sake wanke hoton yadda Allah ya yi wurin. Ban taɓa komai ba, har tayar nan na bar ta a bakin ruwa. Ranar da na je ɗauko su na tarar da Alhaji Modu a zaure shi kaɗai. Na durƙusa, na ajiye hoton a gabansa, na ce ina neman gafara. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan ce gonata." Ya nuna ƙusa a bangon zauren ya ce in rataye. Da na gama na ce, "Baba, in an ba ni wancan ɗin sai in tafi da shi in yaga."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Bar shi, Malam, yana ɗakina. Rabon da in ga hannun nan riƙe da ludayi tun mahaifiyata na da rai." Ya ɗan murza tafin hannunsa na hagu da babban yatsa, sai ya ɗago ya dube ni sosai, abin da bai taɓa yi ba. "Ka iya aikinka. Amma kar ka sake juya ni."

Na ce in sha Allahu, na fito ina jin kamar in yi tsalle a kan hanya, na dai daure saboda garin surukai ne. Har yau ina zuwa fadama, har yau ina ƙara wa sama shuɗi in na ga ta yi fari. Amma kafin in taɓa wani maɓalli sai na jawo hoton na duba gindin kowace bishiya, ko akwai mutum a zaune, in kuma akwai, sai na san ko uban wane ne.